Yalwa da Mahauci Mai Farar Hula

Duk Bahaushen da ya je sari Guangzhou a shekarun da suka gabaci wasannin Olamfik, in dai yana da ciki, to ya ci abincin Yalwa. Ba yabonta nake yi don ta ji daɗi ba, waɗanda suka san ni sun san bakina bai iya wannan ba. Ni ce Saude, jakunkuna da takalman mata nake sarowa in kai Kasuwar Wambai, kuma shekara huɗu duk zuwan da na yi a ɗakin Yalwa nake sauka, katifata a ƙasa kusa da buhun shinkafarta. Saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, a gabana aka yi, har da hannuna a ciki.

'Yar Yakasai ce, gajera, mai jiki, mai tafiya a hankali saboda ciwon gwiwa. Waina ta tashi tana toyawa a bakin Kantin Kwari, tandar ma ta uwarta ce. A nan Kallamu ya gan ta, lokacin yana ɗan kamasho, ya yi ta cin waina har ya auri mai wainar. Da harkar China ta buɗe yana cikin na farkon zuwa, ya zama mai haɗa wa 'yan kasuwa kaya a kwantena, ya ɗauko ta a 2003 don ya gaji da shayi da biredi. Ba sana'a ta je yi ba. Abokansa ne suka dinga biyo shi gida da azahar, yau biyu gobe biyar, har tukunyar gida ta koma tukunyar biki, ta ga gara kawai ta mayar da abin sana'a.

Kallamu ya faɗi ne a tashar jiragen ruwa ta Nansha, yana tsaye ana loda kwantena, hawan jini. A 2006 ke nan, kuma a can aka binne shi. Kowa ya ce ta koma gida, ni ma na ce, da ƙarfi kuwa. 'Yarsu ɗaya tana aure a Kurna, har ɗaki an gyara mata. Ta ce in ta koma Kano gidan suruki za ta zauna ana miƙo mata kwano, a nan kuwa ita ke miƙa wa mutane. Na ce taurin kai ne. Ta ce to a bar ta da abinta.

Sai ka zauna a garin nan za ka gane matsayinta. Guangzhou gari ne da Musulmi ba ya kai loma baki sai ya yi tambaya. Naman alade yana cikin miya, yana cikin man suya, yana cikin biredin da za ka rantse sukari ne kawai a ciki. Ka tambaya da hannu, ka tambaya da Turancin da ba sa ji, su ce maka "meyo", wato babu, kai kuma ka ci da zuciya biyu. Abincin Yalwa kaɗai ne mutum zai buɗe kula, ya yi bisimilla, ya ci yana hirar kaya, ko kallon naman ba zai yi ba. Akwai waɗanda suka fi ta iya miya, ni shaida ce, wata 'yar Maradi ma ta fi ta iya dambu nesa ba kusa ba. Amma wannan yardar ita ce abin da Yalwa ta mallaka a ƙasar, ita ta riƙe ta bayan Kallamu, kuma ta san da haka.

Ba mai surutu ba ce, ni ke yi mana mu biyu. Ta san wanda ba ya son yaji, ta san wanda sai an ajiye masa ƙanzo, ta san wanda ke da ciwon suga ko da shi yana ɓoyewa. Baƙo in ya sauka daga jirgi yana rarraba ido, wurinta ake fara kai shi kafin a kai shi kasuwa. Amma shekara biyar a garin ba ta taɓa zuwa kallon komai ba, kuma yarensu kalma biyar ta sani, na sha yi mata gori a kai. Ta iya gaisuwa, ta iya godiya, ta iya "meyo", ta iya "loban" da ake ce wa maigidan shago, sai ta biyar ɗin da Kallamu ya koya mata don sayen nama, wato "ro".

Namanta wuri ɗaya take saye, a Xiaobei, unguwar da muke hada-hada, wurin wani tsoho ɗan China Musulmi da muke ce wa Malam Ma. Farar hula a kansa kullum, irin ta Musulmin can, ga ɗan gemu, ga koren allo a saman shagon da rubutun Larabci. In ta ce "ro" ta nuna yawan da take so da hannu, sai ya yanko mata na sa, in ta nuna masa inji ya niƙa. Haka suke tun zuwanta, ba ta taɓa buƙatar ƙarin kalma ba.

Bayan rasuwar Kallamu haya ta yi mata nauyi a Xiaobei, ta koma Panyu, can kudu inda masana'antu suke. Daga nan ta zama 'yar jigila. Ta dafa da safe, ta zuba a kuloli biyu, ta ɗaure a ɗan keken jan kaya, ta shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta sauka ta hau bas, har benen Tianxiu inda shagunanmu da ofisoshinmu suke. Iddrisu, wani ɗan Kumasi mai aika kaya Ghana, ya ba ta lungu a ofishinsa albarkacin Kallamu, a nan ake taruwa a ci. In ta gama sai ta biya wurin Malam Ma ta sayi naman gobe.

A Panyu ɗin ne ta haɗu da Ofeliya, ƙofarsu na kallon juna. 'Yar Meziko ce, mijinta fitilu yake saye yana aikawa ƙasarsu. Ba mai jin yaren wata, amma mata biyu da ke yini a kicin ba sa rasa abin cewa. Wata rana Ofeliya ta leƙo ta ga Yalwa ta jiƙa masara, ta kama tsalle a bakin ƙofa kamar ta ga 'yar garinsu, ta ja ta ɗakinta ta nuna mata wani abinci nasu. Yalwa ta ƙi ɗanɗanawa don ba ta san naman ba. Washegari ta kawo nata naman da nata tukwanen, ta nuna da hannu a koya mata daga farko.

Na sha taya ta, don haka na iya shi a baki ko da hannuna bai iya ba. Busasshiyar masara ake tafasawa, su da farar ƙasa suke yi, Yalwa ta ce kanwa ma ta isa, kuma ta isa ɗin. A bar ta ta kwana a ruwan, a cuɗe ta dusar ta fita, a niƙa da laushi ya zama ƙullu mai tauri. Sai a mulmula ƙanana, a sa tsakanin leda biyu a danne da gindin tukunya har ya baje siriri, a gasa a busasshen kasko. Nan ne wahalar take, kuma nan ne nake tuna ina da waya da zan buga. Miyar kuwa busasshen tattasai ne da barkono ake jiƙawa a ruwan zafi, a markaɗa da tumatir da tafarnuwa, a soya sama-sama. Naman niƙaƙƙe ne, a soya shi da albasa har ruwansa ya tsotse. Ofeliya ba ta sani ba, amma Yalwa tana jefa 'yar daddawa da yajin tsire. Daga nan a tsoma kowace gurasar masarar cikin miya, a zuba nama a tsakiya, a naɗe kamar tabarma, a jera a tire bakin naɗin yana ƙasa don kada ya warware. A kwarara sauran miyar a kai, a barbaɗa gurzajjen cuku, a tura cikin tanderun lantarki har sai saman ya kama ɓararraka gefe ya fara ƙonewa. Tanderun na Ofeliya ne, gidajen haya na can ba su zuwa da shi.

Ofeliya "enchilada" take ce masa. Harshen Yalwa bai ɗauka ba, ta ce "inshalada", Iddrisu kuwa ya ce sunan ya dace, don duk wanda ya tambaye ta yaushe za ta sake yi, amsarta in sha Allah. Aiki ne da shi, saboda haka sai Juma'a jefi-jefi. Ranar da ta yi kuwa, manyan alhazai masu kwantena za ka gani suna kankare tire da cokali.

Sai shekarar wasannin ta zo. A Beijing za a yi su, can nesa da mu, amma mu ma mun ji a jikinmu. Biza ta yi wuya, ana tare mutum a hanya a ce ya nuna fasfo, masu zuwa sari suka ragu, waɗanda ke zaune da yawa suka tattara. Ofeliya da mijinta ma suka tafi a watan Mayu, ta bar wa Yalwa tanderun, suka rungume juna a bakin ƙofa kowacce na kuka da yarenta. Na sauka farkon Agusta na tarar da Tianxiu shiru, shaguna da dama a kulle, ga zafi mai danƙo da ko ka yi wanka sai ka ji kamar ba ka yi ba. Kula ɗaya Yalwa take kaiwa a lokacin maimakon biyu, amma wannan ɗayar tas ake cinye ta.

Akwai Alhaji Tankari, dattijo ɗan Tawa mai sarin kayan babur, aminin Kallamu, shi ya yi wa gawarsa salla. Ya kwanta jinya mako biyu, da ya tashi ya ce ba abin da ransa ke so sai inshaladar Yalwa. Ta yi masa alkawarin ranar Juma'a, takwas ga wata, ranar da za a buɗe wasannin. Ran Alhamis da safe ta tafasa masara ta bar ta a ruwa. Da la'asar ta biya wurin Malam Ma, ta tarar da ƙofa a ja. Mai shagon kusa ya ce mata "meyo", ya nuna da hannu tsohon ya tafi garinsu. Ta zaga wurin wasu mahauta biyu Musulmi da ta sani, ɗaya a rufe, ɗaya kuma ƙashi kawai ya rage masa.

Ni ranar ina masana'antar takalma ina faɗa da wani loban a kan kalar da ban ce a yi ba. Da muna tare, wataƙila da na ce ta ba Alhaji haƙuri sai wata Juma'ar. Wataƙila kuma da ban ce ba, kada in yi wa kaina ƙarya.

Ta koma Panyu dab da magariba, ta shiga kasuwar unguwa inda take sayen ganye da albasa. Ba ta taɓa leƙa layin nama ba, har numfashi take riƙewa in za ta wuce bakinsa. Ranar ta leƙa. An kusa tashi, an kwashe kaya ana wanke tebura, sai mutum ɗaya a ƙarshen layi, farar hula a kansa, ga koren allo a samansa. Ta ce nan take zuciyarta ta yi sanyi. Ta yi masa sallama, ya yi murmushi ya gyaɗa kai, ta ɗauka amsawa ce. Tsoka ce kaɗan ta rage a gabansa, ba kai, ba ƙafa, ba fata. Ta ce "ro", ta nuna inji, ya niƙa mata.

Da na dawo na gan shi a roba, na ce Yaya, wannan naman ai ya yi fari. Ta ce na ɗan maraƙi ne, ta ba ni labarin ɗan'uwanmu Musulmi da Allah ya haɗa ta da shi a nan kusa da gida, ta huta da ɗauko nama tun daga Xiaobei. Ni da na ce ya yi fari, ni ce kuma na ce ai na maraƙi ya fi taushi. Ni da ita ba wadda ta taɓa ganin naman alade a niƙe. A ina za mu gan shi, a Yakasai?

Juma'a tun bayan asuba muka tashi a kansa. Ni ke danne ƙullu da gindin tukunya ina tsaki, ita tana gasawa, ƙamshin miya ya cika matattakalar bene. Tire biyu ta yi, ta lulluɓe su da tawul, muka ɗauka ɗaya-ɗaya a cinya cikin jirgi, ko'ina jajayen tutoci, 'yan China suna ta shinshinawa suna kallonmu. Mutum goma sha ɗaya ne suka ci bayan an sauko daga masallaci, ni ce ta goma sha biyu. Alhaji Tankari ya ci huɗu, gumi na zuba, ya ce tunda take yi bai taɓa jin mai daɗin na yau ba. Ya ɗaga hannu ya yi wa Kallamu addu'a, muka shafa. Yalwa tana zaune a kan kwalin kaya tana fifita da gefen mayafi. Rabon da in ga ta yi dariya har haƙora sun fito tun mijinta na da rai.

Asabar da sassafe ta ce in zo ta nuna mini mahaucinta, ta sayi na mako. Muka shiga layin naman yana cike. Tebura sun fi goma, kowane mahauci da farar hula iri ɗaya da farar rigar aiki, kowane tebur da koren allonsa. A ƙarshen layi mutuminta ya gane ta, ya washe baki yana yafito ta, a bayansa kuwa ga kan alade rataye a ƙugiya, ga ƙafafu an jera. Yalwa ta tsaya cak. Ta nuna injin, ta nuna kan aladen, ta nuna ƙirjinta, tana tambayarsa da hannu. Ya gyaɗa kai, ya ɗaga babban yatsa, ya jawo tsoka zai ƙara mata. Bawan Allah bai cuce ta ba, abin da ta tambaya ya ba ta. Daga baya Iddrisu, da ke jin yarensu, ya warware mana. A bakinsu in ka ce "ro" kawai ba ka ƙara komai ba, alade kake nufi, na sa sai ka ce "niyu ro". Malam Ma yana ba ta na sa ne don a shagonsa babu wancan. Hulunan kuwa masu kula da kasuwar ne suka raba don tsafta, allon kuma farashi ne a jiki.

Na fita da gudu na yi ta amai a kwata har bakina ya yi ɗaci. Ita ko ɗigon hawaye. Ta taka gida a hankali yadda ta saba, ta tara duk tukwanen da naman ya taɓa, ta tono ƙasa daga tukunyar fulawar masu gida, ta yi ta dirzawa tana ɗaurayewa, sau bakwai kowacce. Tire biyun ta sa a leda ta kai shara. Sai da ta gama ta zauna, ta ce ran Litinin za ta faɗa musu.

A nan na tashi mata. Na ce ko ta haukace ne? Ni da ita da Allah kaɗai muka sani, mahaucin nan ko sunanta bai sani ba. Na ce kuskure ne, ta yi istigfari ta rufe bakinta, ni ma na rufe nawa har kabari. Na ce mutanen nan na san su sarai, yau za su ce ba komai, gobe su kai ta Kano a waya. Na ce in ta faɗa ta kashe sana'arta da hannunta, sai ta shirya komawa gidan suruki. Har na ce mata son a ce ita ta Allah ce ke damunta. Wannan maganar ta ƙarshe har yau ina jin kunyarta.

Ta bar ni na gama tas, sannan ta ce, "Saude, sun ci ne don ba sa tambayata. In na yi shiru, jibi ma haka za su buɗe kula su ci ba tambaya, ni kuma ina zaune ina kallonsu da abin da na sani. Ba zan iya ba."

Lahadi ba ta kunna wuta ba, ba ta ci komai ba. Na sauke murya na bi ta da lallashi, na ce to ta ce ba na yanka ba ne kawai, kada ta ambaci sunan dabbar. Ta girgiza kai. Na ce to ta je ita kaɗai, ba da ni ba. Amma da Litinin ta yi na bi ta, ina mita tun daga Panyu.

Ba ta tara su ba. Shago-shago ta bi, hawa-hawa, da gwiwar nan tata, duk wanda ya ci ta same shi shi kaɗai ta faɗa masa yadda aka yi, ba ta rage komai ba, ta nemi gafara. Wani ya kau da kai. Wani ya tashi ya shige banɗaki muna jin kakarinsa. Wani ɗan Yamai ya zazzaga mata magana da Faransanci, ita ba ta ji ba, ni ma ban ji ba, amma na rama mata da Hausa. Iddrisu ya dafe kai, ya ce, "Mma, da kin kira ni a waya." Ta ce ba ta ga abin kira ba, ta ga hula.

Alhaji Tankari ne na ƙarshe. Ya saurara har ta gama, ya ce a kira sauran. Ya ce musu wanda ya ci cikin rashin sani ba shi da zunubi, wadda ta dafa cikin rashin sani ita ma haka, kuma macen da take da halin rufa wa kanta asiri amma ta tako ta faɗa, ita ce ya kamata a fi yarda da ita a garin nan. Kowa ya ce haka ne Alhaji, haka ne. Har na fara tunanin ko ni ce ban san mutane ba.

Ashe na san su. Ta yi mako guda tana kawo wake da kifi kafin Malam Ma ya dawo, kular da ake cinyewa tas ta fara komawa da rabi. Ba wanda ya ce mata komai. Wannan ya ce azumin nafila yake, wannan ya ce cikinsa ne ba daɗi, wancan ya ce yanzu ya ci, alhali da idona na gan shi a shagon taliyar Musulmin China bayan mun rabu. Kafin mako biyu ƙanwata ta bugo daga Kano tana tambaya wai da gaske ne matar da nake sauka wurinta ta shekara tana ciyar da alhazai alade. Na zage ta tas na kashe wayar, amma maganar ta riga ta zaga Kwari da Wambai.

Da Malam Ma ya buɗe, ta koyi "niyu ro", tana maimaitawa a jirgi kamar mai hadda. Ta daina zubar da ledar shagonsa mai rubutun Larabci, sai ta wanke ta ta ɗaure a hannun kula inda kowa zai gani. Wallahi ranar da na fara ganin ledar nan sai da na shiga lungu na share ido. Matar da shekara biyar ba wanda ya ce mata ina kika samo, ita ce yau take yawo da shaida. Ba ma wanda ya kalli ledar.

Alhaji Tankari bai daina zuwa ofishin Iddrisu ba. Zai zauna, ya gaishe ta, ya tambayi gwiwa, ya ce likita ya hana shi mai da yaji. Wata rana ya ga tana rufe kula ba a taɓa ba, tausayi ya kama shi, na gani a fuskarsa. Ya ce, "Hajiya, gobe in za ki taho ki dafo mini ƙwai biyu. Kada ki wahalar da kanki da ɓarewa, ki kawo su da ɓawonsu."

Duk wanda ya yi yawo a ƙasar China ya san ƙwai da ɓawonsa. Shi muke saye a tashar mota da ƙauyukan masana'antu, inda ba mu yarda da tukunya ba kuma ba mu yarda da hannu ba. Alhaji bai yi don ya ci mata fuska ba, so yake ya sayi wani abu a hannunta kada ta koma haka. Ta ce to, Alhaji. Washegari ta dafa, ta naɗe su a tsumma, ta ɗauko tun daga Panyu, jirgi da bas, ta ajiye a gabansa. Ya ɓare da kansa, ya ci, ya sa mata albarka.

Ta yi azumin shekarar a can, watan da a da ba ta samun zama saboda masu buɗa-baki. An gaya mini mutum uku ne suka dinga karɓa, su ma kunu kawai. Bayan ƙaramar salla ta rarraba tukwanenta ta dawo Kano. Tana Kurna gidan 'yarta, gwiwar ta ci ƙarfinta. Na sha ce mata ta kafa tanda a ƙofar gida, ta ce ta gama dafa wa mutane. Ina zuwa gaishe ta, muna hira lafiya lau, ba ta taɓa tayar da maganar ba.

Zan iya zagin mutanen Tianxiu daga yau har gobe, kuma na zage su. Amma ga nawa. Tunda Malam Ma ya dawo ta koma dafa nama, duk abincin da ta zuba mana a ɗaki sai in ci shinkafar in ture naman gefen faranti, in ta juya in naɗe a takarda. Na san na sa ne, da ni aka sayo, a gabana aka yanko. Amma in na kai shi baki sai in mayar da shi faranti. Na ɗauka ba ta gani.

Ranar da zan taso daga Guangzhou a wannan zuwan, da hantsi, na gama ɗaure kayana, ta ce sai na ci wani abu kafin in kama hanyar filin jirgi. Ta buɗe tukunyar miya, ta ɗauki ludayi, sai ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Saude, ke ma in dafa miki ƙwan?"

Ba da gatse ta faɗa ba, tambaya ce kawai. Ni mai bakin nan da ba wanda ya taɓa rufe shi, na buɗe shi in ce haba Yaya, zubo mini miya. Sai na yi jinkiri. Jinkirin bai fi numfashi biyu ba, amma ta ji shi. Ta mayar da murfin, ta tari ruwa a ƙaramar tukunya, ta ɗora a wuta.